Garken Da Ya Ɓace A Gajimare

"Ni ban ce maka ɓarawo ba. Maci amana na ce, kuma na maimaita. Ka je ka tambayi bambancinsu."

"Oga, ban taba shi ba. Ina coci."

"Taɓa. Ta-ɓa. In ma ƙarya za ka yi, yi ta da Hausa mai kyau."

A haka Larai ta iske su da ta gama hawa benen nan na unguwar Tunga a Minna, wanda ke saman shagon masu tayal. Injiniya Umar Faruk, mai kamfanin, yana tsaye a tsakiyar ofis cikin farar shadda, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga. Silas, ma'aikacinsa ɗan Paiko, ya jingina da bango ya harɗe hannuwa. Alhaji Ndaman, wanda suka haɗa hannu da Injiniya suka kafa kamfanin, ya ƙanƙame wata kwamfutar cinya a hammata kamar wanda ya tsinci jariri. Can a kusurwa Hajiya Rabi'atu ce, yayar Injiniya, waya biyu a kunne biyu, tana ba direbobi haƙuri da baki ɗaya.

To, sai an ɗan koma baya kafin a gane rigimar. Kamfanin sunansa Lodin Sauƙi. Manomi ko dillali a Paiko ko Beji ko Kagara zai latsa wayarsa, sai ga motar ɗaukar doya ta zo har bakin rumfa. Abin da ke haɗa manomin da direba kuwa ba a ofis yake ba, wai yana gajimare. Kada ku ɗaga kai. Kwamfutoci ne na haya a wata ƙasa, ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu. A cikinsu ake zuba aiki ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi sunansa kwantena, ba irin ta masu shagon caji ba. Akwai kuma makiyayin da ke kula da su, in ɗaya ta faɗi ya ta da wata, in kasuwa ta cika ya ƙaro wasu. Sunansa Kubanetis, kai ka ce ciwon gaɓoɓi ne. Duka tarkacen nan, a ofishin garke suke ce masa.

Silas ne ya kafa garken. Ya kuma haɗa masa abin da suke kira ɗan aike: ka rubuta kalma ɗaya tak, shi zai je ya gina komai da kansa, ka rubuta wata ya rushe. Injiniya ne ya ce lallai kalmomin su zama na Hausa, don shi mutum ne mai kishin harshe. Kakansa daga Kano ya biyo jirgin ƙasa ya zauna a Minna, kuma har yau jikan bai yafe wa garin irin Hausarsa ba.

Yau da asuba, ranar kasuwar Paiko, aka wayi gari babu garke, ko kofato. Doya jibge a rana, motoci na hamma a tasha. Masu hayar kwamfutocin suka ce da makullin Silas, wato kalmar sirrinsa ta shiga garken, aka ba da umarnin rushewa, jiya da yamma. Kafin a karya kumallo Injiniya ya riga ya tura saƙon murya zauren dillalai na waya, ya ambaci sunan Silas da na garinsu, ya kuma kira 'yan sanda. Da ƙyar Alhaji Ndaman ya roƙa aka ce su dakata sai la'asar. Shi ne kuma ya kira Larai.

Ita Larai 'yar Kagara ce. Ubanta mai bin sawun shanun sata ne, ya yi suna har ƙasar Birnin Gwari. Ita ta yi boko ta ɗauki sana'ar ta shigar da ita kwamfuta. Siririya ce, ba ta da yawan magana, tana da wani kallo da ke sa mutum ya tuna laifin da ya yi tun yana firamare.

"Wace ce wannan?" in ji Injiniya.

"Larai ce, mai bin sawu. Na gaya maka," in ji Alhaji.

"Sawun me za a bi, ga mai ƙafar a tsaye?"

"To ai aikina ya yi sauƙi, Injiniya," in ji Larai. "Ara mini shi in kalli ƙafar."

"Ki kalla. Amma ba zai ƙara taɓa garkena ba, ko doyar duniya za ta ruɓe."

*

Ta ja Silas zuwa baranda, inda hayaniyar 'yan keke mai ƙafa uku za ta rufe maganarsu.

"Jiya da yamma ina kake?"

"Na je kwaya, Anti."

Larai ta ɗaga gira. "Ƙwaya?"

"A'a, kwaya. Masu waka a coci. Muna shirin bikin girbi."

Haka Silas yake magana, kamar rabin mutanen Minna. Harafi mai lanƙwasa ba ya kama masa baki, a rubutu ma bai san yana yi ba.

"Kwamfutarka fa?"

"Na bar shi a nan. Anguwan mu ba wuta, nan akwai sola. Na bar shi a bude yana sauke abu."

"A buɗe. Da makullinka a ciki."

Ya sunkuyar da kai.

"Su wa ke iya buɗe ƙofar ofis?"

"Oga, da Alhaji, da Hajiya."

"Na ji kun yi faɗa da Injiniya kwanan nan."

"Ya yi mini dariya a gaban direbobi. Na ce masa baki sun zo, ya ce bakin da hakora ya zo ko babu. Kowa ya yi dariya, har mai shara."

"Kai me ka ce?"

"Na ce wata rana zai neme ni, ba zai gan ni ba."

"A gaban mutane ka faɗa?"

"A gaban mutane."

Larai ba ta so jin haka ba. Ubanta yakan ce wanda ya fi kowa kama da marar laifi, a fara duba bayan gidansa. Wayar Silas ta yi ƙara, ya duba, bai ɗauka ba.

"Mama na ne," in ji shi. "Yana sayar da doya a Paiko. Dillalai sun cika rumfan shi tun safe, wai ya haifi mugun yaro. Anti, aikin ma a bar shi. Sunan ne. A Paiko in suna ya baci, har jikoki za su gada."

*

A ƙarƙashin matakala Maman Rose ke suyar doya da ƙwai. Da Larai ta tambaye ta, ta ce ita ba ta san komai ba, ba ta shiga abin da ba ruwanta. Sannan ta jawo benci ta zauna ta yi ta faɗin abin da ba ta sani ba har man kaskonta ya fara hayaƙi.

Wai Silas yana da yarinya a Abuja, kuma wani kamfani can yana zawarcinsa. Wai Hajiya Rabi'atu so take a kore shi ta cusa ɗanta da ya gama bautar ƙasa. Wai Alhaji da Injiniya sun kusa raba gari, ta ji su ta taga, ba don tana saurare ba, tagar ce ba ta rufuwa.

"Jiya da yamma wa kika ga ya dawo, Mama?"

Maman Rose ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Alhaji. Ya boye mota a bayan masu tayal. Yana tafiya sadaf-sadaf kamar mage."

"Injiniya fa?"

"Oga ya tafi biki a Bosso tun azahar, shi da Hajiya. Motan shi bai dawo ba."

"Kina nan har magariba?"

"Ina nan. Sai dai na je nika tattasai. Da na tsaya wajen Maman Josiah, mijin shi ya sake yin abin nan, ki bari kawai."

Larai ta bari. Ta sayi doya ta hau sama tana taunawa tana tunani. Ubanta ya taɓa bin sawu wuni guda, sawun ya kai shi garken mutumin da ya ɗauko shi aikin. Ba yau aka fara ba, ɓarawo ya riga kowa kiran mai bin sawu.

*

Ta samu Alhaji Ndaman a ɗan ɗakinsa, har yanzu kwamfutar na kan cinyarsa.

"Alhaji, me ka dawo yi jiya da yamma?"

Dattijon ya yi tsuru-tsuru. "Wa ya gaya miki?"

"Ka ɓoye mota a bayan masu tayal."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya share gumi da hularsa.

"'Yata, zan gaya miki, amma in ya kai kunnen iyalina na shiga uku. Likita ya hana ni soyayye. A gida sai dafaffen ganye, kamar akuya. Shi ne nake zagayowa da yamma, Maman Rose ta zuba mini, in ci a mota in goge baki."

"Ita ta zuba maka?"

"Da hannunta. Har da gyara."

Ka ji Maman Rose. Ta ga mutum yana sanɗa, amma ta manta wurinta ya sanɗo.

"Ka hau sama?"

"Da wannan gwiwa, bayan na cika ciki? Kuma in hau in yi me? Ni mota na sani, da direba. Wannan allon nasu mai duhu, ko kunna shi ban iya ba."

"An ce za ku rabu da Injiniya."

"Kullum za mu rabu, tun ranar da muka fara. Shi yana ganin ni jahili ne, ni ina ganin shi yaro ne. Amma wa zai sa wa rumbu wuta da hatsinsa a ciki?"

Larai ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta nuna kwamfutar. "Me ya sa kake rungume da ita tun safe?"

"Injiniya ya ce zai kai ta gida ya ajiye, wai shaida ce. Na ce shaida ba ta kwana a gidan mai kai kara. Na fizge."

"Ya yi gardama?"

"Har maballin rigata ya tsinke."

Larai ta dubi gurbin maballin, ta miƙa hannu ta karɓi kwamfutar.

*

Masu hayar kwamfutoci sun san makullin wa aka yi amfani da shi, iyakar saninsu ke nan. Amma shi baƙin allon da ake rubuta wa ɗan aike umarni yana da wani hali irin na tsohuwar unguwa: duk abin da aka faɗa a gabansa yana riƙe, ko an rufe tagar. Larai ta latsa, maganganun jiya suka fito a jere, kamar sawu a kan yashi bayan ruwa.

Mai shigowar ya fara rubuta *kulle*. Ɗan aike ya ce bai gane ba. Ya rubuta *tsare*. Ɗan aike ya ce bai gane ba. Sai ya nemi taimako, ɗan aike ya jero masa kalmomin da ya sani: *gina, duba, kara, rage, kare*. Ya zaɓi ta ƙarshe. Aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce i.

Larai ta daɗe tana kallo. Wannan ba tafiyar mai gida ba ce. Mai gida ba ya lalube a ɗakinsa, Silas kuwa shi ya raɗa wa kalmomin nan suna. Ba kuma tafiyar mugu ba ce. Wanda ya zo kisa ba ya fara neman kwaɗo. Mutumin nan so ya yi ya kulle, ya tsare, ya kare garken. To me ya sa kariya ta zama rushewa? Sai wani zargi ya ɗarsu mata: ko Silas ne ya ɗana tarko, ya rubuta zuma a jikin kwalbar guba, ya bar kwamfuta a buɗe da gangan ya tafi waƙarsa?

Ta leƙa ta yafito shi, ta rufe ƙofa.

"Zauna. Me ya sa in an ce wa ɗan aikenka ya kare garke sai ya rushe shi?"

Silas ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. "Ai aikin shi ke nan, Anti."

"Aikinsa ke nan?"

"In mun gina na gwaji, mun gama, sai a ce kare. Ya kare. Babu saura."

Larai ta ajiye hannu a kan tebur a hankali. "Ƙare kake nufi."

"Abin da na ce ke nan."

"Wannan *kara* ɗin fa, ba karan dawa ba ne?"

"A kara kwantena, in mutane sun yi yawa."

"Injiniya ya taɓa ganin kalmomin nan?"

"Ya ce in yi da Hausa, na yi. Bai duba ba. Oga ya dade bai zauna a allo ba, yanzu taro yake zuwa."

Ta sallame shi, ta ce kada ya gaya wa kowa abin da suka yi magana a kai. Da ya fita ta sake duban allon. Ita kanta, 'yar Kagara, da ta ga kalmar, kariya ta karanta. Ta taka daidai inda mai laifin ya taka, ƙafarta kuma ta shiga sawun cif. Saura ta gano wa kuma yake da irin ƙafar.

*

Hajiya Rabi'atu ta samu sararin ajiye waya ɗaya, tana rubutu a ɗayar. Larai ta jawo kujera kusa da ita, kusa sosai, irin zaman da ido ke iya faɗawa kan wayar mutum ba da niyya ba. Saƙo take tura wa maigidanta: *gas ya kare, ka biya ka sayo.* Ba lanƙwasa ko ɗaya. Mai rubuta haka, in ta ga kalmar a allo, ta san ba kariya ake nufi ba.

"Hajiya, an ce kina nema wa ɗanki kujerar Silas."

"Maman Rose ke nan," in ji Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗana likitan dabbobi ne. Garken da ya sani mai kashi ne da ƙuda."

"Kun zauna a bikin har aka tashi, ke da Injiniya?"

"Ni dai na zauna."

"Shi fa?"

"Maza daban, mata daban, Larai. Ba goya shi na yi ba."

"Ya ji daɗin bikin dai?"

Hajiya ta yi tsaki. "Wane daɗi? Faruku kwana biyu ba ya ko cin abinci saboda kasuwar yau. Doyar bana ta yi yawa, dillalan Legas sun zo. A mota ma yana ta maimaitawa, kada wani ya taɓa garken nan, kada wani ya taɓa garken nan, da ma akwai yadda za a sa masa..."

Ta tsaya. Ta ɗago ta dubi Larai, ta daɗe tana dubanta. Wayar da ta ajiye ta fara ƙara, ba ta ɗauka ba.

"Me ya sa kike tambaya?"

"Aikina ne tambaya, Hajiya. A tara mini kowa, rana ta yi."

*

Suka taru a babban ɗakin. Injiniya ya zauna a kan kujerarsa mai juyawa yana duba agogo. Alhaji ya samu benci. Hajiya ta kashe wayoyinta duka biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Silas ya koma bangonsa. Maman Rose ta hawo da faranti wai ta zo karɓar cokulanta, Alhaji ya raka ta waje ya rufe ƙofa, kowa kuma ya san ba ta sauka ba.

"Ki yi sauri, Malama," in ji Injiniya. "'Yan sanda ba sa son jira."

"Ba zan daɗe ba. Kowa a nan yana da abin da za a zarge shi da shi. Silas ya yi barazana a gaban mutane, kuma ya bar makullinsa a tsakar gida. Alhaji ya dawo jiya a ɓoye."

"Wannan maganar mun gama ta," in ji Alhaji da sauri.

"Mun gama. Hajiya tana da makullin ƙofa. Amma na bi sawun, kuma wanda ya shigo nan jiya ba mugu ba ne. Kwaɗo ya zo nema. So ya yi ya kulle garken don kada a taɓa shi kafin kasuwa ta watse. Niyyarsa mai kyau ce. Matsalarsa ɗaya, bai iya karanta Hausa ba."

"To ni ke nan, ko Silas," in ji Alhaji.

"Ban sani ba tukuna. Amma abin tausayi ne. Ɗan aike ya jero masa kalmomi a fili, ɗan aji biyu ma zai gane. Shi kuwa ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ba ita ba. Irin mutanen nan ne da aka kai boko suka dawo ba Turanci ba Hausa. Ni dai ban ga laifin wanda ya rubuta ba. Hausarsa tsaf."

Kujerar Injiniya ta daina juyawa. "Hausar wa ce tsaf?"

"Ta Silas."

"Ta wannan?"

"Kamar ta gidan rediyo. Mai karatun ne dai aka yi asarar alli a kansa."

Masu magana sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hajiya ta buɗe baki za ta ce wani abu, amma ƙanenta ya riga ta miƙewa.

"Malama, ki tsaya inda iliminki ya tsaya. Kare daban, ƙare daban. In mutum ya rubuta harafin *ka* marar lanƙwasa, to kariya ya ce, ko kuwa dabba mai haushi. Duk mai ilimin da ya ga *kare* a rubuce, a kiyaye zai fahimta. Wanda ya rubuta ne jahili, ba wanda ya karanta ba."

A bayan ƙofa aka ji cokali ya faɗi.

"Gaskiyarka, Injiniya," in ji Larai. "Ni ma haka na karanta. Sai dai ban faɗi kalmar ba."

Injiniya ya gyara hularsa. "Kamfanina ne. Na san kalmomin ɗan aikena."

"Ban ce wacce aka zaɓa ba. Masu haya ma ba su sani ba, makulli kawai suka gani. A cikin kwamfutar nan take, kuma tun safe tana hammatar Alhaji. Da ka san kalmomin, da ba ka fara da *kulle* da *tsare* ba."

"Ina Bosso. Kowa ya ga motata."

"Faruku," in ji Hajiya, muryarta a ƙasa. "An toshe motarka a layi, na gani. Da aka zo ɗaukar hoto an neme ka ba a gan ka ba, na ce kana masallaci. Da ka dawo akwai ƙurar keke a bayan rigarka, ni na kakkaɓe maka."

"Yaya."

"Kada ka ce mini yaya. Tun asuba nake ba direbobi haƙuri ina cewa yaro ne ya cuce mu."

Injiniya ya koma ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da ya yi magana, bango yake kallo.

"Tsare shi na zo yi. Na ga kwamfutar a buɗe, na ce bari in rufe ƙofa in huta. Ya tambaye ni na tabbata, na ce i, na tafi har ina jin daɗi. Sai da asuba na gane." Ya juyo da zafi. "Kuma da ya rubuta daidai da duk haka ba ta faru ba. Na sha gaya masa. Lanƙwasa ɗaya ce."

"Wannan kuskure ne, kuma ku biyu kuka raba shi," in ji Larai. "Shi ya bar ƙofa a buɗe ya rubuta yadda yake faɗa, kai ka taɓa abin da ba ka tambaya ba. Da nan abin ya tsaya, da ba a kira ni ba. Amma saƙon da ka tura wa dillalai, bayan ka gane ka tura shi. 'Yan sandan ma bayan ka gane ka kira su. Wannan ba lanƙwasa ba ce."

Alhaji ya girgiza kai yana tafa hannu a hankali. "Ka tsinke mini maballi a kan wannan."

"To, ya isa," in ji Injiniya, ya mayar da hularsa. "Magana ta tsaya a ɗakin nan. Za mu ce na'ura ce ta samu matsala. Silas ya koma aikinsa, a sallami 'yan sanda, shi ke nan. In dillalai suka ji mai kamfani ne da kansa, wa zai sake yarda da mu?"

Sai a lokacin Silas ya bar bango.

"Oga, ba rumfan na'ura suka je ba. Rumfan mama na suka je."

"Zan aika mata da gaisuwa."

"Ba gaisuwa. Inda ka fadi suna na, can za ka koma ka cire shi. Da bakin ka."

"Ni za ka ba umarni?"

Hajiya Rabi'atu ta kunna wayarta ɗaya, ta buɗe zauren dillalai, ta zo ta tsaya a kan ƙanenta. Ita ta yi masa wanka yana yaro, kuma har yanzu fuskar wankan ba ta bar ta ba.

"Ko ka faɗa, ko ni in faɗa. Ka san kuma ni in na fara ba na taƙaitawa."

Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi silin. Ya dubi Larai, ya tarar da kallon nan nata. Ya karɓi wayar. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce shi ne ya rushe garken bisa kuskure, Silas ba shi da hannu, abin da ya faɗa da safe ba gaskiya ba ne. Gajeren saƙo ne, amma Hausa ce tsantsa, kowace lanƙwasa a mazauninta. Hajiya ta karɓe ta tura kafin ya sake shawara.

Alhaji ya kira 'yan sanda ya ce su sha zamansu, sannan ya tura kwamfutar gaban Silas. Silas ya zauna, ya rubuta *gina*. Ɗan aike ya kama aiki, layuka suka fara gudu a allo, kwantena na tashi ɗaya bayan ɗaya kamar shanu da asuba. Wayarsa ta yi ƙara, wannan karon ya ɗauka, ya yi magana da uwarsa da Gwari, ƙasa-ƙasa, yana share ido da bayan hannu.

Injiniya ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa.

"Ba ka ba shi haƙuri ba," in ji Hajiya.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya juyo ya dubi Silas, leɓɓansa suka motsa. Mutumin da bai taɓa rasa kalma ba a rayuwarsa, yau ya laluba bai samu ba. Ya fizgi ƙofar, Maman Rose ta yi tsalle gefe da farantinta, ya fice ya bugo ta da ƙarfin da sai da gilashin taga ya amsa.